Ranar da na shiga gidan giyar ƙauye a Ingila

Bari in faɗa tun da wuri, kafin 'yan ajinmu su fara yawo da ni a hostal: ban sha ba. Shiga dai na shiga, har na ci na ƙoshi.

A dogon hutun bara na je Ingila bikin kammala karatun Yayana a birnin Leeds. Mai gidan da yake haya wani dattijon Bature ne, tsohon direban jirgin ƙasa, mu a tsakaninmu Baba muke ce masa. Lokacin da ciwo ya kwantar da Yaya a hunturunsa na farko, tsohon nan ne ya yi ta jigilarsa zuwa asibiti. To mutum irin wannan ya ce ranar Lahadi zai kai ku ƙauyen da aka haife shi ku ci abincin rana, da wane baki za ka ce a'a? Sai da muka yi nisa cikin tsaunukan Yorkshire na gane inda za mu ci abincin, wato abin da suke kira pub. Gidan giya dai, a taƙaice.

Gabana ya faɗi. Tun a Islamiyya aka koya mana cewa ko zama a teburin da ake shan giya ba a so. Na zunguri Yaya, ya ce da ni da Hausa, "Kai dai yi shiru, ka zuba ido."

Na zaci zan tarar da kiɗa da hayaƙi da masu tangaɗi. Sai ga wani tsohon gini na dutse, rufinsa ƙasa-ƙasa har sai da na sunkuya, wuta na ci a murhu, kare na barci a ƙarƙashin benci. Hayaƙin taba kam babu, tun 2007 aka hana sha a cikin irin waɗannan wurare. Wata tsohuwa na karanta jarida, manoma biyu na musu kan farashin tumaki, yara na cin dankali da iyayensu. Wallahi abin da ya faɗo mini a rai shi ne teburin mai shayin unguwarmu bayan sallar isha.

Ba a zuwa a tambaye ka me kake so, kai za ka tashi ka je kanta ka biya. A nan Baba ya nuna mini wasu dogayen hannuwa da mai sayarwa ke ja kamar famfon tuƙa-tuƙa. Da ya ji kimiyyar abinci nake karanta, ai kuwa sai lacca ta tashi. Giyar kwalba da ta gwangwani, in ji shi, yawanci an tace ta, an ɗumama ta don kashe ƙwayoyin cikinta, an cusa mata gas. Tasu kuwa da ranta ake kawo ta: yis ɗin na nan cikin ganga yana aiki a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ke tsayawa wajen digiri 11 zuwa 13. Gangar da aka fi amfani da ita kofi 72 take ci, kowane kofi mililita 568, kuma da an buɗe ta, in ba ta ƙare cikin 'yan kwanaki ba sai ta yi tsami. Na ce a raina, ashe burukutun Turawa ce. A 1971 wasu mutum huɗu suka kafa ƙungiyar CAMRA don kada manyan kamfanoni su kashe wannan hanya, kuma Baba na da katin ƙungiyar a walat ɗinsa kamar katin zaɓe.

Wajen abinci aka samu tirka-tirka. Naman ba yankanmu ba ne, wannan na sani. Na nuna wani gasasshen nama cikin ɓawon fulawa don in ji ko akwai irinsa na kayan lambu, aka ce ai wancan ma da giya aka dafa romonsa. Na koma kan kifi, aka ce ƙullun da ake tsoma shi ma da giya aka kwaɓa. Kai! Na fara tunanin in ce ina azumi. Sai ga matar da ke girki ta fito tana goge hannu, ta tambaye ni dalla-dalla me nake ci, me ba na ci. Ta soya mana kifin da man shanu zalla, ga dankali, ga kabeji da karas na gonar maƙwabcinta, daga baya ta kawo gasasshiyar tuffa da kwastad mai zafi. Tun da na sauka ƙasar ban ci abin da aka dafa domina ba sai ranar.

Muna ci Baba ke ba mu labarin cewa irin waɗannan gidaje suna ta rufewa, kuma in na ƙauye ya rufe, tsofaffi ba su da sauran inda za su ga juna. A Hudswell, kusa da Richmond, nasu ya rufe a 2008, sai mutanen gari suka haɗa kuɗi suka saye shi, suka sake buɗewa a 2010, har da ɗan kanti da wurin aron littattafai a ciki. Mu da muke ganin Turawa ba su san zumunci ba.

Abin da ban lura da shi ba sai can: a teburinmu shayi ne a gaban Baba. Lokaci-lokaci yakan tashi ya je kanta, ya kurɓi tasa a tsaye, ya goge baki ya dawo. A mota na tambayi Yaya, ya ce sau ɗaya ya taɓa yi masa bayani, shekara biyu da suka wuce, kuma tun daga ranar bai ƙara kawo kofinsa inda Yaya ke zaune ba.

Har yanzu ban gama yanke wa kaina hukunci kan shigar ba. Akwai hotonmu mu uku a bakin murhun, kwalabe jere a bayanmu. Hajiya ta ga duk hotunan tafiyar, ban da wannan.