Inda Ake Ɗora wa Marubuci Laifin Mai Karatu

Duk wanda ya nufi tsakiyar Pittsburgh daga filin jirgin sama, sai mota ta bi da shi ta wani dogon rami da aka huda a cikin tudu. Ba ka ganin komai sai fitilu da bango. Fitowarka ke da wuya sai ga birnin gaba ɗaya a gabanka, dogayen benaye sun cunkushe a kan wani tsinin ƙasa inda kogin Allegheny da na Monongahela suka haɗu suka haifi Ohio. Gadojin garin sun haura 400. A da nan ne uwar ƙarfen Amurka, har hotunan shekarun 1940 suna nuna fitilun titi a kunne da rana tsaka saboda hayaƙi. Da masana'antun suka durƙushe a farkon shekarun 1980, jami'o'i da asibitoci ne suka tallafe garin.

Ɗan yayata na kai wa ziyara, wanda ke karatun injiniya a jami'ar Carnegie Mellon. Attajirin ƙarfen nan Andrew Carnegie ne ya kafa ta a 1900 domin 'ya'yan ma'aikata su koyi sana'a, sannan a 1967 aka haɗe ta da Cibiyar Mellon. Shi yaron burinsa ya nuna mini mutum-mutumin da suke ƙerawa. Ni kuwa sai hankalina ya maƙale a Baker Hall, wani tsohon gini mai doguwar baranda da ke gangarawa sannu a hankali. Ɗalibai na cewa wai da gangan aka yi gangaren, don in makarantar ba ta yi albarka ba a mai da ginin masana'anta. A nan Sashen Turanci yake, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 suke ba da digiri a rubutun fasaha, wato rubuta bayanin yadda ake aiki da na'ura, ko magani, ko manhaja, ko fom ɗin gwamnati. Suna kuma da digiri na biyu a wannan sana'a ta rubutu.

"Kawu, ai waɗannan takardun da ake jefarwa tare da kwali suke koyon rubutawa," in ji ɗan nawa yana dariya. Amma ya haɗa ni da wata ɗalibar sashen da suke haya gida ɗaya, ita kuma ta bar ni na kalli gwajin da take yi.

Ga abin da na gani. Ta rubuta bayanin yadda ake auna sukarin jini da 'yar na'urar nan ta hannu, shafi biyu kacal. Ta gayyato wata dattijuwa da ba ta taɓa riƙe na'urar ba, ta miƙa mata takarda da kayan aiki, ta roƙe ta abu guda: duk abin da ya zo mata a rai tana karantawa, ta faɗe shi a fili. Sannan ta koma gefe da littafinta, ta kama bakinta. Dattijuwa ta fara, tana karatu tana gunaguni. Da ta zo mataki na huɗu sai ta tsikari yatsa kafin ta zura tsinken gwaji a na'ura, jini ya fara bushewa tana laluben inda za ta sa shi. Ta ɗago ta dubi ɗalibar, ɗalibar ba ta ce uffan ba. Ni da ke zaune sai da bakina ya yi ƙaiƙayi. Bayan an gama dattijuwa ta shiga ba da haƙuri, wai tsufa ne. Ɗalibar ta ce mata sam, ba ita aka gwada ba, takardar aka gwada, kuma takardar ce ta faɗi. Ta nuna mini wurin: ayyuka biyu ta cusa a jimla ɗaya, ta kuma fara ambaton wanda ya kamata ya zo daga baya.

Wannan ɗabi'a ce ta fi burge ni a duk tafiyar. Mu da muka tashi a aji inda duk wanda bai gane ba shi ne daƙiƙi, abin yana da nauyin haɗiya. Tela dai ba ya cewa jikin mai riga ne ya karkace. Kwance ɗinkin yake yi ya sake.

Dabarar sa mutum ya yi tunani a bayyane tana da tushe a jami'ar. Herbert Simon, wanda ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 1978, da abokin aikinsa Allen Newell, sun yi amfani da ita wajen binciken yadda ɗan Adam ke warware matsala. Linda Flower ta Sashen Turanci da John Hayes masanin halayyar ɗan Adam suka ɗauko ta suka ɗora a kan marubuta, suka fitar da shahararren nazarinsu a 1981, inda suka nuna cewa gwanin marubuci kai-da-komo yake yi tsakanin tsarawa da rubutawa da gyara, mai karatu na ransa koyaushe. Karen Schriver, wadda ta yi karatu ta kuma koyar a nan, ta faɗaɗa zancen zuwa fasalin shafin kansa, wato girman harafi da sarari da wurin da hoto ya zauna. Littafinta na 1997 har yanzu yana yawo a hannun ɗaliban fannin.

Kuma malaman sashen ba sa rasa misalin da zai hana ɗalibi raina aikin, don yana cikin jiharsu ta Pennsylvania. A ranar 28 ga Maris 1979, wani bawul ya maƙale a buɗe a tashar nukiliya ta Three Mile Island kusa da Harrisburg, ruwan sanyaya tukunyar yana zurarewa. Fitilar da ke gaban ma'aikata ta nuna musu kamar ya rufe, alhali abin da take nufi kawai shi ne an aika masa umarnin rufewa. Suka rage ruwan agaji, kusan rabin cikin tukunyar ya narke. Abin takaicin shi ne irin haka ta taɓa faruwa a wata tasha a jihar Ohio a 1977, har injiniyoyin kamfanin da ya ƙera tukunyar suka rubuta gargaɗi. Takardun suka yi ta zagaye a ofisoshi, ba su isa ga masu riƙe da maɓallai ba. Masu koyar da fannin a Amurka sun daɗe suna baje waɗannan takardu gaban ɗalibai, suna tambayarsu wa aka rubuta wa, me aka nemi ya yi, kuma a layi na nawa aka binne maganar.

Digirin na biyun zango uku ne, da aikin koyon sana'a a hutun bazara. Ana karanta salo da nahawu da tsara shafi, mai so ya karkata ga bayanin manhaja, ko na lafiya, ko na kimiyya. Wuraren koyon aiki kuwa ba sa nisa: Google na da ofis a wata tsohuwar masana'antar biskit, hedkwatar Duolingo na cikin garin, ga manyan asibitoci. Gwamnati ma tana buƙatar irin waɗannan marubuta, tunda a 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta wa jama'a da harshe mai sauƙi. Abin da ɗalibi ke fita da shi, wanda ya fi takardar shaida amfani a wurin neman aiki, shi ne kundin ayyukansa. Ɗalibar ta buɗe mini nata a kwamfuta. Kowane aiki ta ajiye daftarin farko, da abin da masu gwaji suka yi tuntuɓe a kai, da gyararren. Ta ce masu ɗaukar aiki sun fi daɗewa a kan na tsakiyar. Ta kuma koyi Git da Markdown, domin a kamfanonin manhaja marubuci a rumbu ɗaya yake ajiye rubutunsa da injiniyoyi, su duba nasa, shi ma ya tsare su da tambaya har sai ya gane.

Karatun dai akwai tsada, kuma sana'ar na cikin zullumi. Babbar ƙungiyar masu rubutun fasaha ta Amurka, wadda asalinta ya koma 1953, ta rufe a farkon 2025. Ga kuma manhajojin da ke zubo shafi goma kafin mutum ya kurɓi shayi. Na tambayi ɗalibar ko hakan bai karya mata gwiwa ba. Ta ce ita ma tana amfani da su wajen daftarin farko, sannan ta kai abin da suka rubuta gaban mai gwaji kamar kowane rubutu. A makon da ya wuce, in ji ta, wata manhaja ta tsara mata bayani mai santsi a kan wani maɓalli da babu shi a jikin na'urar.