Masu Kiwon Sunayen Gonaki: Abin da Na Gani a Wata Ƙungiyar Tarihi a Wales

A yankin Wales na ƙasar Birtaniya da wuya a sami gundumar da ba ta da ƙungiyar nazarin tarihinta. Wasu sun daɗe ƙwarai: Powysland Club tun 1867 aka kafa ta, ta gundumar Ceredigion kuwa a 1909, kuma kowacce tana da mujallarta. A ƙarƙashin waɗannan manya akwai ƙanana na ƙauyuka, waɗanda ba su da ofis balle ma'aikaci mai albashi. Da ɗaya daga cikin ƙananan na yi hulɗa lokacin da nake karatun digiri na biyu a garin Aberystwyth, kuma a wurinta na fahimci cewa akwai ɓangaren tarihi da jami'a ba za ta iya tattara shi ita kaɗai ba.

Tsarin tafiyar da ƙungiyar mai sauƙi ne. A taron shekara ake zaɓen shugaba da sakatare da ma'aji, a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa. Kowane mamba yana biyan 'yan fam kaɗan, da su ake hayar zauren ƙauye, a sallami mai jawabi, a sayi shayi. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu ana lacca sau ɗaya a wata, idan rana ta yi tsawo kuma sai a fita ziyarar kufai da tsofaffin majami'u da ramukan da aka haƙi darma a da. Mafi yawan mambobin dattawa ne: manoma, malaman makaranta da suka yi ritaya, tsofaffin ma'aikatan gidan waya. Da harshen Welsh ake gudanar da taro, baƙin da ba su ji su sanya na'ura a kunne, mai fassara yana raɗa musu da Ingilishi.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na sunayen gonaki. A 1836 an yi dokar da ta mayar da ushirin da manoma ke bai wa coci ya koma kuɗi maimakon amfanin gona. Wannan ta sa aka auna ƙasa, aka zana taswira, aka rubuta mai gona da wanda ke noma ta da girmanta, a wurare da yawa har da sunanta. Babban Ɗakin Karatu na Wales, wanda aka kafa a 1907, ya ɗora taswirori sama da dubu a intanet ta hanyar shirin Cynefin, kuma masu sa-kai ne suka kwafi bayanan. Kalmar cynefin tana nufin wurin da rai ya saba da shi, kamar yadda tunkiya ta san makiyayarta a kan tudu ba tare da shinge ba.

Sai dai takarda ba ta wadatar. Wasu magatakardan da suka rubuta sunayen ba su ƙware a harshen ba, sun rubuta abin da kunnensu ya jiyo, wasu gonakin kuma lamba kawai aka ba su. A nan ne amfanin ƙungiyar ke bayyana. Sukan shimfiɗa taswira a kan tebur, su kewaye ta, a karanta suna, sai wani tsohon manomi ya gyara furucin, ya faɗi yadda kakansa ke kiran wurin. Cae'r Odyn, wato gonar matoya, ta nuna inda ake toya farar ƙasa don gyaran gona. Cae'r Ffynnon ta nuna maɓulɓular da aka toshe. Dôl y Felin ta nuna fadamar da injin niƙa mai aiki da ruwa ya taɓa zama, ko da babu ko tubalinsa a yau. Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Na ga sakatariyar tana rubuta kowane gyara tare da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, tsari da kowane manazarcin adabin baka zai yaba.

Abin da ke damunsu ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 17.8 cikin ɗari ne na mutanen Wales ke magana da harshen. Ana haɗe ƙananan gonaki, ana tumɓuke shinge, suna ya tafi tare da iyaka. Wasu masu sayen gidaje daga waje sukan sauya tsohon suna da na Ingilishi. Kowa a cikinsu yana tuna Capel Celyn, ƙauyen da aka nutsar a 1965 don bai wa birnin Liverpool ruwa. Dokar 2016 ta tanadi kundin sunayen wurare na tarihi, amma kundin bai hana mai gida sauya suna ba.

Babbar barazana kuwa a cikin zauren take. A taron shekarar da na halarta, an daɗe ana neman wanda zai karɓi muƙamin ma'aji, matasa kuma ba su da yawa a kujeru. Taswira za ta dawwama a intanet, amma wanda ya san cewa magatakarda ya kuskure, rai gare shi. Mu da muke nazarin Hausa mun san wannan gaggawa, domin sunayen unguwanni da fadamu da rijiyoyi a bakin dattawa suke. Shi ya sa ƙungiyar ta fara kai taswirorin makarantar firamare ta ƙauyen, ana bai wa kowane yaro gona ɗaya ya je ya tambayo sunanta a gida.