Korona a jinin kyanwa: abin da takardar gwaji ba ta faɗa

Idan gwajin jini ya nuna alamar korona a jikin kyanwa, mai ita yakan ɗauka an yanke mata hukuncin mutuwa. A mafi yawan lokuta ba haka ba ne. Wannan korona ta kyanwoyi ce, ba wadda ta rufe duniya a 2020 ba, kuma ta zama ruwan dare: a gidajen da ake tara kyanwoyi da yawa, galibinsu sun taɓa kamuwa da ita. Tana zama a hanji, tana fita ta kashi, ta bar ɗan zawo ko ma ba ta bar komai ba.

Sai dai a jikin wasu ƙalilan, ƙwayar takan sauya halitta. Ta bar hanji ta shiga cikin wasu fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu shi ne haɗiye cuta, ta mayar da su abin hawanta. Daga nan ake samun cutar da ake kira FIP, wadda likitar dabbobi Jean Holzworth ta fara bayyanawa a Amurka a 1963. Ciki ya cika da ruwa mai yauƙi, ko kumburi ya kama ido, ƙoda da ƙwaƙwalwa. Shekara da shekaru, kusan duk kyanwar da ta kamu ba ta tashi.

A nan gizo ke saƙar. Gwajin da aka fi yi yana neman sinadaran garkuwa ne da jiki ya samar, kuma garkuwar ba ta bambanta mai zaman hanji da mai kisa, domin kusan abu ɗaya ne. Abin da sakamakon ke cewa kawai shi ne kyanwar ta taɓa haɗuwa da ƙwayar. An sha kashe kyanwoyi masu lafiya bisa wannan takarda, wanda ganganci ne. Haka nan wadda cutar ta ci ƙarfinta tana iya nuna garkuwa kaɗan ko babu.

Don haka likita mai natsuwa yakan tara shaidu. Yana duba shekarun kyanwar, tunda ƙanana cutar ta fi kamawa. Yana auna albumin da gulobulin a jini: idan rabon na farko a kan na biyu ya gaza 0.4, zargi ya yi ƙarfi, idan ya haura 0.8 kuwa da wuya a ce FIP ce. In akwai ruwa a ciki, akwai tsohon gwajin Rivalta, mai arha ƙwarai: a ɗiga ruwan cikin ruwa mai ɗan tsami, a ga ko ɗigon zai narke ko zai tsaya. Tabbaci kansa sai an ga ƙwayar a cikin waɗancan fararen ƙwayoyin.

A da, kuskuren ganewa ɗaya ne ke da tsada, wato kashe mai lafiya. A 2019 Niels Pedersen na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna cewa maganin GS-441524, ɗan uwan remdesivir, yana warkar da yawancin masu cutar cikin makonni 12. Tun daga nan jinkiri ma ya zama asara, domin kyanwar da cikinta ya cika da ruwa ba ta da kwanaki masu yawa da za a yi ta jiran wani sakamakon.