Ruwan da Na Riƙa Ba Baba

Da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, ni na karɓi jinyarsa, don ni ne babba. Magana ta ɗauke, baki ya karkace. Abin da na sa a gaba shi ne kada ya kwana da ƙishi. Yana kwance nake tallafo kansa in ɗura masa ruwa da koko tsululu. In ya sarƙe, idonsa ya kawo ruwa, sai in bubbuga bayansa in ce, "Daure, Baba, saura kaɗan." Da nas ta ce in dakata sai mai duba magana da haɗiya ta gan shi, har faɗa na yi mata. Mutumin da bai ci ba, wa ke ta koyon magana?

A kwana na 6 zazzaɓi ya rufe shi, numfashi da ƙyar. Aka ce ciwon huhu ne.

Da mai duba haɗiyar ta zo, ta gaishe shi, ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa cokali guda, yatsunta a maƙogwaronsa. Ta ce ya ce "aa". Muryar ta fito kamar ta mai kurkure baki.

"Malam," in ji ta, "hanya biyu ce a wuya, ta abinci da ta iska. Lokacin haɗiya ta iskar rufewa take yi. Ta Baba yanzu makara take, ruwa kuwa ya fi komai saurin gangarawa. Wani ko tari ba ya yi, abin yana zuba cikin huhu."

Kofin ruwan yana hannuna. Na tuna kowane tari da na kira ragwanta, kowane kawar da kai da na kira gardamar tsufa. Ashe da iyakar abin da ya rage masa yake ce mini in bari. Na fita baranda na yi kuka. Na ɗauka tunda ina ƙaunarsa ba zan cutar da shi ba, shi ya sa ban saurari kowa ba, har shi kansa.

Muka koma kunu mai kauri, ƙaramin cokali, yana zaune cak, ba ya kwanciya sai bayan minti 30. Ta kuma hana mu yin zancensa a kansa kamar ba ya wurin, ta ce yana fahimta, kalmar ce ke ƙin fitowa. Abin da baki ya haddace yakan riga sauran dawowa, don haka ta fara da Fatiha. Ya kai ƙarshenta makonni kafin ya iya kiran sunana.