Sa Hannun da Ke Ƙasan Takardar Magani

Mai karatu, duk lokacin da ka miƙo mini takardar magani ta taga, idona kan fara sauka a kan sunan maganin da adadinsa, sannan ya gangara zuwa sa hannun da ke ƙasa. Na yi shekaru ina amincewa da wannan sa hannu, bisa zaton ofis ya riga ya tantance mai shi.

Wani dare wata uwa ta kawo takarda: allurar gentamicin ga yaro mai kilo 12, amma adadin na babban mutum ne. Wannan magani idan ya wuce kima yana lalata ƙoda, yana iya kurumtar da yaro. Na riƙe takardar, na nemo likitan, muka gyara. Da aka buɗe fayil ɗinsa daga baya, sai aka tarar rajistar wucin gadi kaɗai gare shi, wadda ba ta halatta masa aiki sai ƙarƙashin kulawar babban likita. Da kwafin takardu aka ɗauke shi aikin dare, aka sabunta masa sau biyu, babu wanda ya sake dubawa. Laifinmu bai gaza nasa ba.

A Najeriya, majalisar MDCN ce ke yi wa likitoci rajista, kuma lasisin aiki na shekara ɗaya ne, ana sabunta shi tare da shaidar ƙarin ilimi. Saboda haka, idan kana cikin masu tantancewa, kada kwafi ya gamsar da kai. Nemi takardar asali, ka tabbatar da lambar rajista daga majalisar kanta. Duba shekarar lasisin da nau'in rajistar. Gwada sunan da ke kan digiri da na katin shaida, harafi da harafi. Kafin a sabunta wa likita, a tambayi ma'aikatan jinya da mu masu ba da magani, domin mu muke ganin aikinsa kullum.

Babban abin da ke kayar da mu kunya ce. Muna jin nauyin tambayar wanda ya girme mu ko wanda muka saba da shi. Maganinta shi ne a tambayi kowa, tun daga shugaban asibiti, kowace shekara.

Yaron nan ya warke, yana ji sarai. Har yau nakan tuna cewa saura ƙiris na miƙa maganin.