Turbo, Ƙanena da Mita 402

Mai karatu, idan a gidanku akwai matashin da mota ta shiga ransa, zo mu yi magana. Ƙanena yana da Golf mai turbo, kuma ba shi da hira sai ta yadda zai ƙara mata gudu ba tare da ya canza turbon da kamfani ya sa mata ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha karɓar samarin da aka kwaso daga titi cikin dare. Hana shi bai yi aiki ba, shi ya sa na zauna na koyi abin.

Aikin turbo bai da wuyar ganewa. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata farfela sama da sau dubu 100 a minti ɗaya, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai cusa iska cikin inji. Iska ta ƙaru, fetur ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai turbon kamfani ƙarami ne, an yi shi don mota ta amsa da wuri a cikin gari. In ka sa an taɓa kwamfutar mota aka matsa masa fiye da kima, iska mai zafi zai riƙa turawa. Iska mai zafi ba ta da iskar oksijin kamar mai sanyi, kuma tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, har fistin ya lalace. Ka tuna da zafin Afrilu a garuruwanmu.

Don haka masu hankali a wannan wasa sanyi suke nema kafin matsi: babbar intakula mai sanyaya iskar, fetur mai kyau, baƙin mai sabo, da barin inji ya huce tsakanin zagaye da zagaye. Sannan taya. Mita 18 na farko su ke yanke hukunci, domin tayar da ke murzawa a banza ta zubar da duk ƙarfin da ka saya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin wasan. A Amurka, Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA a 1951 don a janye samari daga titin jama'a zuwa fili killatacce mai tsawon mita 402, da hular kwano da motar asibiti a gefe. Da Scott Kalitta ya mutu a tsere a 2008, sai suka rage tsawon zuwa mita 305 ga motoci mafi gudu. Ƙwararru ke nan.

Mu kuwa titinmu akwai mai adaidaita, akwai mai shayi, akwai yaro da aka aika sayen burodi. Na ce wa ƙanena: gyara motarka yadda kake so, zan ma sa hannu a kuɗin taya da birki, amma ranar da ka gwada ta a titin gari, makullin zai koma hannun Hajiya. Kai me ka ce wa naka?