Na Ga Gidan Ɗan Hausa a Kano

 Duk wanda cikinku ya taɓa rubuta wasiƙa da Hausar boko yana bin sawun wani gidan ƙasa da ke unguwar Nasarawa a Kano, ko bai sani ba. Sunansa Gidan Ɗan Hausa. A hutun da ya wuce na bar Kolofata na biyo ta Garwa da Yola don gaida dangi, na ce ba zan komo ba sai na gan shi.

Mai gidan Bature ne, Hanns Vischer, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan a 1876. Ya yi wa Ingila aiki a Barno, maƙwabtanmu, kuma a 1906 ya ratsa Sahara daga Tarabulus zuwa Kukawa. Jin Hausarsa ya sa aka laƙaba masa Ɗan Hausa. A 1909, zamanin Sarki Abbas, ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa, nan Nasarawa, a 1912 kuma ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Masu lanƙwasar nan, ɓ da ɗ da ƙ, sai bayan 1930 suka shigo.

Ginin ya fi tarihin kama ni. Tubali ne da azara, bango mai kauri, rufin daurin guga. Ana rana mai ƙuna a waje, amma ciki sanyi kamar bakin randa, ba fanka ba komai. Na tuna ajinmu mai rufin kwano, inda a watan Afrilu yara ke gyangyaɗi tun kafin azahar. Wai mu ne muka ci gaba!

Yanzu gidan yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, an jera kayan gargajiya a ɗakuna. Wannan ban daɗe a kansa ba. Farfajiyar na fi so, inda na zauna ƙarƙashin itatuwa, hayaniyar motoci can nesa.

Ba ina wanke Bature ba ne. Gwamnatinsa ma'aikata take nema, kuma boko ya ture ajamin da malamanmu suka daɗe suna rubutu da shi. Amma dai da Hausa aka fara koyar da ɗaliban nan. Ni kuwa shekara ashirin ina koyar da Faransanci, kuma ɗan Bahaushen da ke ajina bai iya rubuta wa kakarsa layi biyu da harshenta ba. In ya gwada, "ou" yake sa wa a gurbin "u", ya rubuta "kouka".

Da na komo na roƙi shugaban makarantarmu rabin awa ran Laraba bayan an tashi. Yara tara suka zo, biyu ma Kanuri ne. Mun fara da sunayen iyayensu.